Ƙaramin tarago: daga ƙafafu zuwa tsatsa

A cikin ƙananan taragan kwaikwayo, wanda na fi son haɗawa shi ne na kwal mai ɗaukar tan 16, irin wanda hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta mallaki fiye da 200,000 a shekarun 1950. Akwatin ƙarfe ne kawai a kan ƙafafu huɗu. A sikelin OO, inda ake rage girman komai sau 76, tsawonsa bai wuce na yatsa ba. Guntu-guntun roba yake zuwa, mutum ya yanke su, ya goge bakinsu da magagari, ya haɗa da gam. Mai kallo fenti yake yabawa, amma ni yawancin lokacina a ƙarƙashin taragon yake tafiya, wurin da ba mai leƙawa.

Gam ɗin roba narkar da fuskokin biyu yake yi su zama ɗaya, don haka in ya kama a karkace, shi ke nan. Shi ya sa a kan faffaɗan gilashi nake haɗa gindin tarago. Ina manna gefe ɗaya, in sa ƙafafun, in kawo ɗaya gefen, sannan in dire shi a kan gilashin tun gam bai bushe ba. Dole ƙafafu huɗun su taɓa gilashi a tare. In ɗaya ta ɗaga ko da kaurin takarda ne, taragon zai yi tafiya lafiya a miƙaƙƙen layi, amma da ya iso kwana ko mahaɗar layi sai ya sauka. Babu fentin da zai gyara wannan.

Ƙafafun roba cire su nake yi, in sa na ƙarfe, domin na roba suna tara dauɗa suna shafa ta a kan dogo. A ramin da bakin sandar ƙafa ke juyawa ina cusa ɗan kofin tagulla. Sai in auna tazarar da ke tsakanin bayan ƙafa da bayan 'yar'uwarta: a layi mai faɗin milimita 16.5, wanda taragan sikelin OO da na HO (wani sikeli mai ɗan ƙanƙanta) duka suke hawa, tazarar takan kasance wajen milimita 14.5. Ƙafafun da aka sayo sababbi ma ina auna su.

Sai nauyi. Tarago na roba ba shi da nauyi, in ya faɗo tsakanin masu nauyi sai su fizge shi daga layi a kwana. Ƙungiyar NMRA ta masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa a Amurka ta ba da ƙa'ida ga sikelin HO: oza ɗaya, a ƙara rabin oza a kan kowane inci na tsawon tarago. A ganina abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne taragai masu tsawo ɗaya su yi nauyi ɗaya, kuma nauyin ya zauna can ƙasa, a tsakiya. Ina ɓoye 'yan guntayen ƙarfe a ƙarƙashin daɓen taragon ko a cikin kwal ɗin da na loda masa.

Bayan ya bi layi gaba da baya ba tare da tuntuɓe ba, sannan nake ɗauko buroshi. Wanke shi nake fara yi da ruwan sabulu don maiƙon hannu, in fesa fentin share fage, in bi da launi shafi biyu ko uku marasa kauri. Fenti mai kauri yana cinye kawunan ƙusoshi da layukan ƙofa. Launin ma ba zaɓin ido ba ne: a wancan zamani ruwan toka na taragan da birkin hannu kaɗai gare su ne, ja mai duhu kamar jar ƙasa kuma na masu birkin da ake sarrafawa daga kan jirgi. Lambobin da ake jiƙawa a ruwa a manna suna son fuska mai sheƙi, in ba haka ba iska ta maƙale a ƙarƙashinsu su yi fari-fari. Bayan sun bushe sai a rufe da fenti mara launi mai kashe sheƙin.

Tsufar da tarago shi ne aikin da ya fi min daɗi, kuma ba na yin sa sai da tsohon hoto a gabana. Tsatsa tana farawa inda ruwa ke kwanciya, ta gangaro ƙasa. Ƙurar birki da ta dogo daga ƙasa take tasowa. Ina ɗiga launin tsatsa, in ja shi ƙasa da buroshi mai ɗan danshi, in tsaya tun ina ganin kamar bai isa ba.

Taragan fasinja kuwa matsalarsu tagogi. A irin Mark 1 na Birtaniya da aka fara ƙerawa a 1951, ina fentin kujeru, in zaunar da 'yan fasinjoji kafin in rufe rufin. Gam mai saurin kamawa yana sa robar taga ta yi hazo, saboda haka farin gam na katako nake ɗigawa da tsinke a kusurwa huɗu, domin in ya bushe ba a ganinsa.