Macijin cikin doki da ilmin rabuwar ƙwayoyin haihuwa

Yawancinmu mun san macijin ciki a matsayin cuta mai ramar da yara da dabbobi, amma ni na fi sha'awar gudummawar da wannan tsutsa ta bai wa ilmin halitta. A shekarar 1883, Edouard van Beneden na jami'ar Liyej da ke Beljiyam ya duba ƙwayayen macijin cikin doki da madubin bincike, ya ga cewa ƙwai yana kawo kuromosom 2 (wato zarurrukan da ke cikin ƙwayar halitta masu ɗauke da bayanan gado), ƙwayar maniyyi ma tana kawo 2, sannan su haɗu su zama 4. Da adadin yana da yawa, kamar 46 na ɗan Adam, da ƙirga su da kayan aikin wancan zamani ya yi wuya ƙwarai.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne tsarin jikin namijin tsutsar. Gaɓar da ke samar da maniyyi bututu ne guda ɗaya, siriri mai tsawo, wanda ya nannaɗe a cikin jiki. A can ƙarshensa ƙwayoyin asali suke ta ninkuwa, daga nan su riƙa gangarowa suna girma, suna manne da wani zare na tsakiya da ke haɗa su, har su iso inda ake rabuwar da ake kira mayosis. Ƙwaya ɗaya tana rabuwa sau biyu a jere, alhali sau ɗaya kawai ta kwafi kuromosom ɗinta, saboda haka ƙwayoyi huɗun da suke fitowa kowacce rabin adadin take ɗauke da shi. Duk wanda ya bi bututun daga farko zuwa ƙarshe zai tarar da matakan a jere, kamar layukan karatu a allo. Wannan tsari ya taimaki Oscar Hertwig, masanin ilmin halitta ɗan ƙasar Jamus, a 1890 wajen nuna cewa ragin adadin kuromosom da ake yi wa maniyyi daidai yake da na ƙwai.

Ƙwayar maniyyin da ta nuna ba ta da wutsiya, rarrafe take yi, kuma da wani furotin mai suna MSP take motsi, wanda babu shi a jikin mutum ko na doki. A ganina wajen hana wannan furotin aiki ne ya dace masu neman sababbin magunguna su ƙara himma, domin macen irin da ke shiga cikin mutum tana iya zubar da ƙwai wajen 200,000 a rana ɗaya, kuma ƙwan da bai haɗu da maniyyi ba ba ya harbin kowa.