Ranar da aka ja kebul

Talata. Mai haɗa kebul na talabijin ya iso da hantsi, ya gama kafin azahar. Aikin ya yi kyau, kuma zancen da ya biyo baya ya fi aikin tsaya mini a rai.

Abu na farko da ya yi shi ne cire tsohuwar waya samfurin RG59, ya ja RG6 daga falwaya zuwa bango. Duka biyun om 75 ne, wato ma'aunin yadda waya ke turje wa sigina, amma RG59 siririya ce, sigina na saurin raguwa a cikinta. Ita kanta RG6 tana cinye kusan dB 6 (dB ma'aunin raguwar sigina ne) a kowace mita 30 idan tashar tana can saman zango, wato cikin masu saurin kaɗawar sigina, shi ya sa bai bar rarar waya a nannaɗe ba. Kafin ta shiga bango ya lanƙwasa ta ƙasa kaɗan, don ruwan sama ya ɗiga a waje maimakon ya bi ta ya shiga ɗaki, sannan ya ɗaura wayar da ke sauke wuta ƙasa.

Wurin sa kan waya na fi zuba ido. Ana fere bawon kamar milimita 6, a bar tsinken tagullar tsakiya tsirara kamar milimita 6, a mayar da saƙar ƙarfen baya, a cusa kan samfurin F, a matse da filayar matsi. Silin saƙa guda ɗaya in ya taɓa tsinken, hoto ya tafi. Kan da ba a ɗaure da sifana ba kuwa ƙofa ce ga hayaniyar waje, wato baƙuwar sigina mai ɓata hoto, kuma hayaniyar tana komawa layi ta dami maƙwabta. Ya kuma cire abin raba layi mai baki huɗu ya sa mai baki biyu, domin na farkon yana cin kusan dB 7 a kowane baki, na biyun 3.5. Da ya auna, ƙarfin ya tsaya kusa da sifili a ma'aunin ƙarfin sigina na dBmV, inda ake so ke nan.

Ana cikin haka wani maƙwabci ya leƙo ya ce, "Malam, in an ba ka na goro ba za ka buɗe mana tashoshin fim ba?" Ya amsa da cewa, "Maigida, ko motata ka cika da kuɗi, mabuɗin ba ya hannuna."

Gaskiya ya faɗa. Wannan tunani gadon zamanin analog ne. A lokacin duk tashoshi suna zuwa a waya ɗaya, sai kamfani ya ɗaura wata 'yar matata mai kamar batir a bakin layin gida, ta toshe zangon tasha mai tsada irin HBO, tashar fina-finai ta Amurka. Wanda ya kwance ta ya buɗe tashar, shi ya sa ake lallaɓa ma'aikata, shi ya sa kuma kamfanoni ke zagaye suna duba falwaya ɗaya bayan ɗaya. Yanzu siginar dijital ce a kulle. Kowace dikoda tana da lambarta, kuma daga cibiyar kamfani ake aiko mata izini gwargwadon abin da ke rubuce a asusun mai gida. Iyakar ma'aikaci ya miƙa lambar a kunna. Duk abin da aka ƙara yana ɗauke da sunan wanda ya ƙara shi, kuma zai fito a takardar kuɗin wata.

Ni abin da ya fi damuna shi ne ma'aikacin. Mai roƙo yana neman kallon ɗan lokaci, shi kuwa abincin iyalinsa aka ɗora a kan faifai. Kuma sata ce. A Amurka dokar kebul ta 1984 ta haramta kama siginar ba da izini ba, ta haɗa har da mai taimakawa.

Tukwici daban, toshiya daban. Tukwici bayan aiki ake bayarwa, ba sharaɗi a kansa, kuma sai a fara tambaya ko kamfaninsa ya yarda ya karɓa, don wasu sun hana. Ya fi dacewa in an yi aikin da ya wuce ƙa'ida, kamar rarrafe cikin silin ko jan layi na biyu. Na tambaya, ya ce an hana su, don haka na karɓi lambar aikin na kira ofis na yaba masa.

Shi kuma ma'aikacin ya ba maƙwabcin shawarar ya kira sashen kula da masu hulɗa ya nemi watannin gwaji kyauta, ya rubuta ranar ƙarewarsu a kalanda, domin in bai soke ba washegari za a fara caji.