Yadda na zana jinjirin wata da shader saboda gaisuwar Sallah

Saura kwana biyar ƙaramar Sallah ƙanwata ta ce Yaya don Allah ka yi min gaisuwa a shafin shagon ɗinkina, ina so taurari da jinjirin wata su riƙa saukowa a hankali gaban hoton hasumiyar Gobarau. Na buɗe Three.js, kayan aikin JavaScript na yin zane mai motsi a shafin intanet, na zuba ɗigo 2000, ina kunnawa sai ga abubuwa masu kusurwa huɗu suna zubowa kamar an watsa yankakken kwali. Ashe haka GPU yake, wato ɓangaren kwamfuta da ke zana hoto a allo, duk ɗigon da ka ba shi murabba'i zai fitar, siffa kuma aikinka ne a cikin fragment shader, ɗan ƙaramin shirin da ke faɗin launin kowane fiksel, wato ƙwayar ɗigon allo.

Nan na kwana biyu ina fama, don ni tunanin zane nake yi, in ja layi in cike da launi. Shader ba haka yake ba. Kowane fiksel shi kaɗai ake tambaya, kai kana ciki ko kana waje? GLSL, yaren da ake rubuta shader da shi, na ba ka gl_PointCoord, wato matsayin fiksel a cikin murabba'in, mai tafiya daga 0 zuwa 1, ka cire 0.5 tsakiya ta koma sifili, ka auna nisa da length, wanda ya wuce 0.5 ka yar da shi da discard, shi ke nan da'ira ta fito. Wallahi lokacin da na gane wannan sai na tuna yadda ƙanwata take yanka yadi, tana da ƙyalle mai kusurwa huɗu ne ta zubar da abin da ba ta so. Amma discard kaɗai yana barin baki kaca-kaca kamar haƙoran zarto, sai da na sa smoothstep, mai sauya lamba sannu a hankali, a kan alpha, wato yadda ake gani ta cikin launi, gefen ya yi laushi.

Jinjirin watan shi ya fi burge ni. Da'ira biyu ce kawai, ka ɗan matsar da ta biyun ka cire ta daga ta farko da max(d1, -d2), inda d1 da d2 su ne nisan fiksel daga bakin da'irorin biyu, dabarar lissafin nisa da na koya a rubuce-rubucen Inigo Quilez, ɗaya daga waɗanda suka kafa Shadertoy, shafin da ake rubutawa da raba shader. Ina son shi baki sama kamar ƙwarya yadda muke hango shi bayan magariba a nan Katsina, sai ya fito a kife. Na bi lissafin sau nawa ban ga kuskure ba, ashe a WebGL, fasahar burauza da Three.js ke aiki a kanta, y na gl_PointCoord daga sama yake farawa ya yi ƙasa. Layi ɗaya ya gyara, a cire y daga 1.0.

Sannan kusurwoyin da ba a gani suna rufe ɗigon da ke bayansu, na kashe depthWrite, mai ajiye wane ɗigo ne a gaba, na sa additive blending, mai tara hasken launuka, sai kuma suka fara sheƙi inda suka haɗu. A tsohuwar wayar ƙanwata yana ɗan sarƙewa, na rage girman ɗigon da yawansu zuwa 600 ya tafi sumul.

Daren jajiberi na tura mata, ta kira ta ce watan ya yi, amma taurarin a mayar da su ruwan zinare.