Talata: tsiron da muka sayo da kututturen da muka tarar

Yau ce ranar da muka ware domin dashen itatuwa a ƙauyen da ikilisiyarmu ta turo mu ziyara a Nijar. Tun bayan addu'ar safe matasanmu suka sauke tsiron mangwaro da na darbejiya da muka sayo a Maraɗi, suka jera su a inuwar majami'a, kowanne cikin baƙar ledarsa. Waɗanda suka halarci sujadar da aka tara gudummawa a gida sun san yadda aka yi: kowane iyali ya biya kuɗin tsiro gwargwadon ƙarfinsa, Zumuntar Mata ta ɗauki kaso mafi tsoka, ni kuma aka danƙa mini littafin sunaye, aka ce in dawo da lissafi da hotuna.

Gonar da mai gari ya ba 'yan'uwa Kirista na ƙauyen nan tana bayan rijiya, kuma da muka isa mun tarar sabara da kalgo sun tsiro jefi-jefi a ko'ina, ga ƙananan gawo da ba su wuce gwiwa ba. Shugaban matasa ya raba adduna, ya ce a share wurin ƙal a ƙone, sannan a ja igiya a haƙa ramuka a jere. Ba a yi nisa da sara ba sai ga wani dattijo, yayan mai gari, wanda gonarsa ke iyaka da wannan, ya nufo mu da ɗan gatari a kafaɗa. Musulmi ne, kuma jiya shi ya aiko mana da ƙwaryar fura. Sai da ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gajiya da mutanen gida, sannan ya dubi shugaban matasa ya ce, "Samari, mi iccen ga ya yi muku da za ku kashe shi?"

Shugaban matasa ya rusuna ya ce, "Baba, ai wannan ba itace ba ne, ƙaiƙayin daji ne kawai. Mun kawo muku itatuwa na gaske." Dattijon bai yi musu ba. Ya tsuguna gindin wani kalgo, ya share yashi da hannu, sai ga kututture mai kauri kamar cinyar mutum a binne, duk tsiron nan daga jikinsa suke fitowa. Ya dudduba su, ya zaɓi guda huɗu mafiya ƙarfi da miƙewa, ya sare sauran. Na lura daga ƙasa zuwa sama yake kai saran, ya ce idan aka saro daga sama ɓawon yakan yage, ciwo ya shiga itacen. Waɗanda ya bari ya rage musu rassan ƙasa zuwa kusan rabin tsayinsu, ya tara abin da ya sare gefe guda, ya ce wannan makamashin mata ne. Aikin duka bai kai lokacin da mutum zai sha fura ba.

Sannan ya juyo wurina, watakila don ya ga littafi a hannuna, ya ce, "Ɗiyata, wannan saiwarsa ta daɗe da kai wa laima, ba ya roƙon kowa ruwa. Naku na cikin leda, wa za ya ba shi ruwa in bazara ta yi, kuna can gida? Matan ga da ke jan guga tun asuba? Kuma in an saki awaki bayan kaka, wa za ya tsare shi?" Na buɗe baki ban sami abin faɗa ba. Amma maganar da ta hana ni sukuni har yanzu ita ce wadda ya ƙara yana kakkaɓe hannu: "Abin mamaki, ai mutanenku na mishan sunka koya muna wannan, shekarar yunwa. Yau ga ɗiyansu sun zo da adda."

Mai bisharar ƙauyen ne ya cika mana labarin lokacin abincin rana, kuma ya faɗe shi kamar abin da kowane yaro a nan ya sani. Wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ya yi aiki da ƙungiyar mishan mai suna SIM a yankin Maraɗi, ya sha fama da dashen itatuwa suna mutuwa, har a 1983 ya gane cewa 'yan tsiron da manoma ke sarewa kowace shekara itatuwa ne da ransu a ƙarƙashin ƙasa. Da aka yi fari da yunwa a 1984, waɗanda mutanen nan ke kira El Buhari saboda rufe iyakar da Nijeriya ta yi a lokacin mulkin soja na Buhari, sai aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin tsiro a gona. Da yawa sun sare nasu da rabon ya ƙare, amma waɗanda suka bari sun ga itacen girki a kusa, iska ta rage binne shuka da yashi, ga 'ya'yan gawo dabbobi na ci da rani. Gawo kuwa da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyen kuma taki ne. Sassabin zamani suke ce wa aikin, kuma masu bincike sun ƙiyasta ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200. A 2018 an ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a kan haka. Mai bishara ya rufe da tuna mana Ayuba 14:7, inda aka ce itacen da aka sare yana da begen sake toho, Mama, wadda muka zo tare daga gida, ta ce amin da ƙarfi, shugaban matasa kuwa bai ɗago kai daga kwanonsa ba.

Na tausaya masa, domin watanni ya yi yana bin gidaje yana roƙon kuɗin nan. Abin da ke damuna shi ne yadda muke shirya irin wannan tafiya a ikilisiyoyinmu: kwamiti ya zauna a birni, ya yanke abin da ƙauye ke bukata, a buga takarda, a tara baiko, ba wanda ya ɗaga waya ya tambayi mai bisharar da ke zaune cikin mutanen. Mu da muke alfahari da tarihin mishan, muna haddace cewa a 1893 su Rowland Bingham, waɗanda suka kafa SIM, suka sauka Legas, ba mu san aikin da aka yi a nan maƙwabtanmu ba, tafiyar sa'o'i kaɗan daga Katsina. Sannan masu bayarwa, Allah ya sāka musu, sun fi son abin da aka saya aka ɗauko, wanda za a tsaya kusa da shi a yi hoto. Ta yaya zan rubuta a gaban sunan iyali cewa kuɗinsu ya tafi ga kututturen da ya riga mu zuwa, wanda gyaransa bai ci ko dala ba?

Baba Fasto ya raba gardama da yamma. Mangwaron za a dasa shi kusa da rijiya da kuma cikin gidajen da matansu suka yarda za su riƙa zuba masa ruwan wanke-wanke, a kewaye kowanne da ƙaya. Darbejiyar za ta tafi harabar makaranta idan malamin ya amince. Gonar kuwa ba za a ƙone ta ba.

Sista ta wuni tana duba marasa lafiya a gindin tsamiya, ta rubuta wa wata mata mai yoyon fitsari takarda zuwa asibitin Danja da ke kusa da Maraɗi. Na hau tudu na sami waya da baban yara, ya ce ƙaramin ya ƙi cin tuwo sai na dawo.

Mama ta ce kada in damu da littafin, ita da kanta za ta tsaya gaban Zumuntar Mata ta yi bayani, amma na san tambayar lissafi ni za a yi wa. Dattijon ya yarda zai zo gobe bayan sallar asuba ya koya wa matasan gyaran tsiro kafin rana ta yi zafi, kuma ya aiko jikansa ya ce kowa ya wasa addarsa a daren nan.