Abin da na gani a Liverpool, Southport da Bradford

Jami'in shige da ficen da ya karɓi fasfona ko gaisuwa bai amsa ba. Tambaya uku ya jero mini: gidan wa zan sauka, yaushe zan koma, da me zan ci abinci. Duk mai zuwa Ingila da bizar ziyara ta wata shida ya tanadi amsoshin a rubuce cikin jakar hannu: tikitin dawowa, adireshin mai masauki, da takardar banki. Kada a yi gangancin cewa za a taya wani ɗan'uwa zaman shago. Bizar ba ta halatta aiki ba, kuma nan take sai a juyo da mutum.

A Liverpool na fara da masallacin Abdullah Quilliam da ke Brougham Terrace. Gida ne kamar sauran gidajen layin, sai ka wuce shi ba ka lura ba. Quilliam lauya ne Bature da ya musulunta a 1887, ya buɗe wurin a 1889, kuma tun a zamaninsa ana jifan masallata. A watan Agustan 2024 masu zanga-zangar ƙin baƙi da Musulmi sun taru a ƙofarsa, limamin, Adam Kelwick, ya tsallaka titi ya miƙa musu abinci.

Tushen wannan tarzoma a Southport yake, tafiyar kusan minti 45 a jirgin ƙasa. Ranar 29 ga Yulin 2024 wani matashi ya kashe yara mata uku da wuƙa. Kafin gari ya waye an baza a intanet cewa Musulmi ne mai neman mafaka da ya shigo ta kwalekwale, alhali a Cardiff, babban birnin Wales da ke Birtaniya, aka haife shi, iyayensa 'yan Ruwanda. Washegari aka far wa masallacin garin da bulo. Da safe kuma maƙwabta, yawancinsu ba Musulmi ba, suka fito da tsintsiya, magina suka tayar da katangar da aka rushe. Gari ne na bakin teku, tsofaffi sun yi yawa, kofin shayi kuwa tsadarsa ta fi ɗanɗanonsa.

Mai masaukina, dattijo da ya daɗe a kwamitin wani masallacin unguwa, ya ce mini: "Malam, ba sallarmu ce ke damun maƙwabta ba, motocinmu ne." Na kuwa gani ranar Juma'a. Layukan matsattsu ne, in mota ɗaya ta tare ƙofar gida, kafin la'asar an kai ƙara hukumar gari. Maganin da suka samo shi ne raba Juma'a gida biyu, a sa matasa masu riga mai ƙyalli su tsare bakin layi, a kuma jefa takardar sanarwa a kowane gida kafin azumi, domin Tarawihi a lokacin zafi tana kaiwa tsakar dare. Kiran salla a cikin gini ake yi. Mu da muka saba shimfiɗa tabarma har kan kwalta, lasifika na tashi tun asuba, sai mun koyi rage murya a bakin ƙofa.

Inda zuciya ke ɓaci shi ne batun otal-otal ɗin da gwamnati ke ajiye masu neman mafaka. Wata tsohuwa a layin, mai karɓa wa mai masaukina saƙo in ba ya gida, da na ambaci otal sai fuskarta ta canza: jikarta na jiran gidan gwamnati shekara da shekaru, ga baƙi an ba su ɗaki. A ganina fushinta na da dalili, amma ba a kan mai laifin ya sauka ba. Mai neman mafaka galibi ba a yarda ya yi aiki yayin da ake duba takardunsa, abin da ake ba shi kusan fam 49 ne a mako, na otal mai abinci ma bai kai fam 10 ba.

Bradford a gurguje na ratsa ta. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 30 cikin ɗari na mutanenta Musulmi ne, a Ingila da Wales gaba ɗaya kuwa kashi 6.5. Naman halal ko'ina, abinci ya fi na Liverpool araha, amma unguwanni a rabe suke. Tikitin jirgin ƙasa a saye shi tun da wuri, kuma a kauce wa lokacin fitar ma'aikata da safe.