Wata biyu ina shan garin furotin a madadin abincin rana

Tun da aiki ya yi mana yawa a ofis, har ta kai ga da zarar na idar da sallar azahar sai in koma kan kwamfuta, na yanke shawarar maye gurbin abincin rana da garin furotin da ake damawa da ruwa ko madara. Wanda na saya daga ruwan madarar da ke tsatsowa wajen haɗa cuku ake yin sa, kuma ludayi ɗaya, wato kimanin giram 30, yana ɗauke da furotin giram 24 da kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke bai wa jiki) wajen 120.

A makon farko na ji daɗinsa ƙwarai, domin cikin minti biyu na gama, kuma kasalar da shinkafa ke saukar mini bayan azahar ta ɓace. Sai dai kafin la'asar yunwa kan dawo da ƙarfinta, tunda kalori 120 bai kai ko rabin abin da faranti guda ke bayarwa ba. Daga baya kumburin ciki da taurin bayan gida suka biyo baya, saboda garin ba shi da harzar da wake da ganye ke bai wa hanji. Abin da ya fi damuna ma shi ne na daina zama cin abinci tare da abokan aikina.

Yanzu na rage shi zuwa ranakun da taro ya cinye mini lokaci, kuma ina haɗa shi da ayaba da gyaɗa. Sauran ranaku kuwa, da dafaffen wake nake fitowa daga gida.