Kwana Tara a Ikko, Tsakanin Agege da Yaba

Jiya da la'asar na sauka Kano, amma har yanzu ƙarar danfo, motocin hayar Legas, ba ta fita daga kunnena ba. Taron ƙara wa juna sani ne ya kai ni Legas, na masu sa ido kan cututtuka masu yaɗuwa. Sai dai abin da ya fi ja na shi ne in ga Hajiya Dakta, wadda ta fara ɗora ni a kan wannan aiki tun ina ɗaliba, muna bin gida-gida da ɗigon shan-inna a ƙauyukan Kumbotso. Shekara da shekaru ba mu haɗu ba sai ta waya.

An kama mana ɗaki a otal, Kawu ya ce bai san wannan zance ba. "'Yar ƙanwata ta kwana a otal ina raye a Ikko? Me zan ce wa uwarki?" Sama da shekara talatin ke nan yana dillancin shanu a mayankar Oko-Oba, kuma bai taɓa cewa Legas ba, Ikko yake cewa kamar yadda ya ji a bakin magabata. Ɗaki biyu gare su a wani dogon gida a Agege, irin mai ƙofa na kallon ƙofa, banɗaki ɗaya ga kowa. Inna, matar Kawu, ta kwashe yara ta kai su ɗakin maƙwabciyarta Bayerabiya, ta bar mini gado ni kaɗai. Na yi magiya har na gaji. Da dare tuwon shinkafa miyar kuka, kukar ma daga Dawanau aka aiko mata. Da safe burodin Agege mai laushi da dafaffen wake da jan mai mai yajin da ya sa ni hawaye. Yaran gidan kuwa, za su fara magana da Hausa su ƙare ta da Yarabanci ba tare da sun lura ba.

Idon aiki ba ya hutu. Tun daren farko na lura babu famfo a gidan, 'yan garuwa ne ke turo kura da jarkoki, kuma yawancinsu yaranmu ne na Arewa. Kuɗin jarka ɗaya ya kusa ninka abin da nake biya a Hotoro, alhali Legas gari ne da ruwa ya kewaye ta ko'ina, ga damina mai tsawo. Rijiyar bayan gida taku huɗu ce tsakaninta da kwata. Na tambayi Inna yadda suka yi da amai da gudawar da ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024. Ta ce su dai Allah ya tsare, amma a layin baya an ɗauki mutum biyu zuwa asibiti. Tun daga lokacin take tafasa na sha. Na nuna mata yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari idan ba a sami na leda ba: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ta sa babbar 'yarta ta rubuta a bayan kalanda.

Abin da ya fara ba ni mamaki jirgin ƙasa ne. Na shirya wa awa biyu a cunkoso, sai ga ɗan Kawu ya miƙo mini katin Cowry na biyan kuɗin sufuri ya raka ni tashar Agege. Jirgin da ake kira Red Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, ya bi da mu ta Ikeja da Oshodi da Mushin, kafin in gama lazimi muna Yaba. Ga sanyi, ga layi kowa na bi. Na tuna yadda muke kokawar adaidaita-sahu a Kwari ranar jajiberin Sallah, na ji kishi ya kama ni. Amma ranar da na makara na hau danfo, kwandasta ya riƙe mini canji ya haɗa ni da wani mutum da ban taɓa gani ba, ya ce mu je mu raba. A Kano ko yaron mota mafi rashin kunya ba zai yi wa mace haka ba.

Taron kansa kamar kowane taro ne. A rana ta uku Hajiya Dakta ta zo ta ɗauke ni a motarta. Ta yi furfura, amma tafiyarta na nan da sauri. A Zariya ta yi karatun likita, ta bar ɗakin duba marasa lafiya ta shiga shirin horar da masu binciken annoba a fili, wanda aka fara a ƙasar nan a 2008. Da ita aka je Zamfara a 2010 lokacin da gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe ɗaruruwan yara. Daga nan shan-inna, daga nan kuma aka kira su Legas.

Sai da muka isa Obalende ta rage gudu, ta nuna mini asibitin da aka kwantar da Patrick Sawyer, mutumin da ya sauka daga Laberiya ranar 20 ga Yulin 2014 ɗauke da Ebola. A nan Dakta Ameyo Adadevoh ta ƙi sallamar sa duk da matsin da aka yi mata. Ita ma ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Hajiya ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Da ya fita ƙofar nan ya shiga gari, 'yata, da ba wannan hirar muke yi ba."

Na san alƙaluman tun a aji: mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, an bi sawun kusan mutum 900 da suka yi cuɗanya da masu cutar tsakanin Legas da Fatakwal, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an rabu da cutar. Abin da ban taɓa ji ba shi ne yadda ranar masu bin sawun take wucewa. Hajiya ta ce kowane ma'aikaci ana ba shi sunayen mutanensa, ya je ƙofarsu kullum har kwana 21, a auna zafin jiki, a rubuta. Wata mata ta watsa mata ruwan wanke-wanke saboda zuwanta ya sa maƙwabta sun daina sayen kayan shagonta. Washegari ta koma, ba da farar mota mai tambari ba, a ƙafa, ta tsaya ta sayi sabulu a shagon a gaban kowa. Tsarin cibiyar da ta haɗa aikin ma daga yaƙin shan-inna aka aro shi, kuma Dakta Faisal Shu'aib ne ya jagorance ta. Wato wahalar da muka sha a lungunan Arewa, tun bayan ƙauracewa rigakafi ta 2003, ita ce ta zo ta yi rana a Legas. Ban san lokacin da ƙwalla ta cika mini ido ba. Na tuna asubar da aka tashe mu a Kano a cikin wannan Agustan, waya na ta ƙara, wai kowa ya yi wanka da ruwan gishiri ya sha don kada Ebola ta kama shi. Mahaifiyata mai hawan jini sai da na karɓe kofin daga hannunta.

Binciken da nake yi yanzu a kan mutanenmu ne masu zirga-zirga tsakanin Arewa da Kudu, da yadda cuta ke bin su ko su bi ta. Don haka na je wani ofishin lafiya da takardata ta izini, ina neman a nuna mini rajistar masu amai da gudawa. Matar da ke kan tebur ta dube ni daga hijabi har takalmi, ta ajiye takardar ba ta karanta ba. Ta ce da Turanci wai mutanen "aboki" ba su da adireshi, yau suna nan gobe sun gudu, su ne ke ɓata musu lissafi. Awa biyu ta bar ni a benci, daga ƙarshe ta ce mai makullin kabad ba ya nan. Raina ya ɓaci ƙwarai. Kalmar aboki mai daɗi ce a bakinmu, a can an mayar da ita abin jifa. Amma da na huce na ga akwai ƙashin gaskiya a maganarta: takardar da muke cikewa tana neman lambar gida da sunan titi, shi kuwa ɗan ci-rani ba shi da ko ɗaya.

Da na ba Kawu labari, bai ce komai ba sai, "Gobe ki shirya da asuba." Kasuwar Mile 12 ya kai ni. Ban taɓa ganin tumatir da albasa da tattasai masu yawan haka a wuri ɗaya ba, tirela bayan tirela, ga caɓi har idon sawu, Hausa ko ta ina kamar kana 'Yankaba. Kwandon da na san kuɗinsa a Kura ya ninka har ban so in faɗa ba, ga shi rabin na ƙasa ya lotse a hanya. Na tambayi wani yaro ɗan dako inda yake kwana. Ya nuna saman buhunan albasa ya ce, "Nan, Hajiya."

Kawu ya gabatar da ni ga wani dattijo cikin shugabannin 'yan tumatir. Na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya sa aka kawo mini kujera da shayi, sannan ya fara kiran yaran ɗaya bayan ɗaya. Wannan ɗan Garun Malam ne, ya zo a motar wane ran Talata. Wancan ɗan Ɗanja ne, ƙanin wane, zai koma idan damina ta faɗi. Ya san wanda ya kwana yana gudawa makon jiya, da mai kemis ɗin da ya ɗaura masa ruwa, da motar da ta mayar da shi gida bai warke ba. Babu takarda a gabansa.

"Ranka ya daɗe, ma'aikatan lafiya sun taɓa zuwa sun tambaye ka wannan?"

"Suna zuwa su yi feshi su ɗauki hoto. Tambaya dai ke ce ta farko."

Wannan yaron da aka mayar gida shi ne ya tsaya mini a rai. Tafiyar kwana biyu a bayan tirela, tsayawa a Ogere, a Jebba, a Mokwa, ko'ina ya sauka ya zaga. Ƙwayar kwalara ba ta buƙatar fiye da haka. A rajistar Legas babu shi, a ta Kano kuma za a rubuta shi kamar a ƙauyensu ya ɗauka. Na cika shafi shida a littafina ina zaune a kan kujerar nan. Da za mu tafi dattijon ya sa aka cika mini leda da albasa, na ciro kuɗi ya ɓata fuska.

Da na gaya wa Hajiya Dakta ta waya, ta ce in rubuta shi yadda na gani, kuma kada in sake fara aiki a kasuwa ban fara gaida masu ita ba.

Sauran kwanakin sun wuce da gudu. Na shiga Balogun da Inna, ta taya mini leshi da Yarabanci har mai shagon ya sauko kusan rabi, abin da ni kaɗai ba zan samu ba. Mun bi ta doguwar gadar Third Mainland, na hango gidajen katako na Makoko a kan ruwa. Juma'a a Agege na yi ta. Ran Lahadi Kawu ya kai ni filin jirgi da burodi huɗu a jaka, na mahaifiyata biyu.

Lambar dattijon na cikin wayata, ya kuma haɗa ni da wani direba da ke lodi a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. Ran Litinin mai zuwa da sassafe can zan nufa, kafin motocin su tashi.